Bayan aikin jijiyar ƙwaƙwalwa, a riƙa komawa asibiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin iyalan waɗanda aka yi wa aikin kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, musamman masu zuwa Indiya ko Masar. Da yawa da sun dawo, an yi barka da arziki, sai a jefa takardun asibiti cikin akwati, shi ke nan.

Aikin iri biyu ne aka fi yi. Ko dai a buɗe kai a maƙale wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinya a cusa siririn zaren ƙarfen filatinam a cikin kumburin a toshe shi. Na biyun ya fi sauƙin jinya, amma zaren kan lotsa, jini ya sake samun hanya, mutum kuwa bai ji komai ba. Shi ya sa likitoci ke neman a sake ɗaukar hoton jijiyoyin wajen wata 6, sannan a ci gaba har shekaru. Wasu ma kumburin nasu ya fi ɗaya.

Hawan jini da sigari ne manyan abokan gaba. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne mantuwa, kasala da saurin fushi da kan biyo baya idan kumburin jijiyar ya kai ga fashewa. A gida sai a ce lalaci ne ko sammu, alhali jinya ce mai buƙatar likita.

Ina roƙon asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato su ware ranar duba irin waɗannan majinyata. Wanda ciwon kai mai tsanani ya faɗo masa farat ɗaya kuwa, a garzaya da shi asibiti nan take.

Naka,
Wani mai karatu daga Gusau