A faɗa wa yara dalilin da ya sa ra'ayin Thomson ya faɗi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na kimiyya a kan tarihin ƙwayar zarra, na kuma gode. Sai dai mai gabatarwa ya jero sunaye da shekaru ya wuce: Dalton 1808, Thomson 1897, Rutherford 1911, Bohr 1913. Haka ɗalibanmu suke haddacewa saboda jarrabawa. Ka tambaye su me ya sa aka bar ra'ayin wancan aka kama na wannan, sai su yi tsuru-tsuru.

Dalton cewa ya yi zarra dunƙulalliya ce, ba ta rabuwa. Da Thomson ya gano ilektaron, wato 'yar ƙwaya mai cajin lantarki da ke cikin zarra, a Jami'ar Kambirij, sai ya ce ai curi ce mai caji, ilektaron na warwatse a cikinta.

Abin da ya rushe wannan shi na so a tsaya a kai. A shekarar 1909, a Jami'ar Manchesta, Hans Geiger da Ernest Marsden, waɗanda ke aiki a ƙarƙashin Rutherford, suka riƙa harba ƙwayoyin alfa, wasu 'yan ƙwayoyi masu caji da gudun gaske, kan fallen zinariya siriri ƙwarai. Sai su zauna a ɗaki mai duhu har idonsu ya saba, su sa ido a madubin ƙara girma, suna ƙirga ɗan walƙiyar da kowace ƙwaya ke yi in ta bugi allo. Da maganar Thomson gaskiya ce, da duk sun ratsa sun wuce, tunda babu wani abu dunƙulalle a cikin zarra da zai tare su. Galibi kuwa sun wuce, amma ɗaya cikin dubbai sai ta yi tsalle ta dawo baya. Da wani ne, da ya ce kuskuren na'ura ne ya share. Rutherford bai share ba. Ya yi ta juya lissafi har 1911, sannan ya bayyana cewa kusan duk nauyin zarra yana wata 'yar cibiya, sauran kuwa fili ne. Da zarra za ta kai girman filin ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar wake a tsakiya ba.

Shi ma Rutherford nasa da gyara, domin ilektaron mai kewaya cibiya ya kamata ƙarfinsa ya ƙare ya faɗa ciki. Bohr ya ce akwai matakai ƙayyadaddu, kamar zobe kewaye da cibiya, da ilektaron yake zama. Lissafinsa ya dace da zarrar haidurojin, ya gaza a ta hiliyam, har Schrödinger ya zo da nasa a 1926. Amma har yau zoben Bohr muke zana wa yara a allo kamar shi ne ƙarshen zance.

Roƙona shi ne ku ware shiri guda ga gwajin zinariyar nan kaɗai, ku gayyato malamin fiziks ya warware shi da Hausa, ku kuma buɗe layi yara su yi tambaya.

Wassalam.
Malamin sakandare, daga Zariya