Wasiƙa Kan Iskar da Ke Cikin Gungun Galaksi

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni abin da ya ɗauke mini hankali kwanakin nan har na yi shiru, to ga shi.

Galaksi, wato manyan tarin taurari, kan taru ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a gungu guda. Sararin da ke tsakaninsu cike yake da iskar gas mai tsananin zafi, wadda nauyinta ya ninka na taurarin gungun duka. A gungun Perseus zafinta ya kai wajen digiri miliyan 50, shi ya sa take fitar da hasken eksire. A tsakiyar gungu iskar ta fi kauri, don haka ta fi saurin zubar da zafinta. Bisa lissafi, ya kamata tuni ta huce ta haifi taurari barkatai. Amma ba haka ake gani ba, akwai abin da ke ci gaba da ɗumama ta.

Wanda aka fi zargi shi ne ƙaton baƙin rami (wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta) da ke cikin galaksin tsakiya. A Perseus sunan galaksin NGC 1275. Baƙin ramin yana feso kuzari yana hura manyan kumfa a cikin gas ɗin, kuma na'urar hangen eksire ta Chandra da ke sararin samaniya ta ɗauki hotonsu ƙarara. Sai masana da yawa suka zaci za a tarar da wurin a hargitse.

A Fabrairun 2016 Japan ta harba tauraron ɗan'adam Hitomi. A watan Maris ya tarwatse a sararin samaniya, abin da har yau nake jin takaicinsa. Amma kafin nan ya riga ya leƙa Perseus. Ya auna hasken da ƙwayoyin ƙarfe ke fitarwa, domin a na'ura wannan haske siririn layi yake bayarwa, motsin gas kuma yana faɗaɗa layin. Sakamakon: gas ɗin yana motsi da kimanin kilomita 164 a daƙiƙa. Ka ji kamar gudu ne na fitar hankali, ko? A irin wannan zafi tafiyar hawainiya ce. Matsin da hargitsin ke bayarwa kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai na matsin zafin. Wannan natsuwa ce ta fi burge ni, ga kuma amfaninta: tana ƙara tabbaci ga yadda ake auna nauyin gungu daga zafin iskarsa.

Magajin Hitomi, XRISM, ya tashi a Satumban 2023. Da ya dubi gungun Centaurus, sai ya ga gas ɗin tsakiya yana tangal-tangal kamar ruwa a kwanon da aka girgiza, alamar tsohon karo da wani ƙaramin gungu. Ni dai ina ganin wannan motsi yana taimakawa wajen gauraya mai zafi da mai sanyi, ba baƙin ramin kaɗai ke aikin ba.

Ka rubuto mini ra'ayinka, musamman kan batun nauyin. Ka gaida mutanen gida.

Wassalam,
Naka amini