Wasiƙa Zuwa ga Ɗana, Sabon Ma'ajin Samarin Garinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka da sauran mutanen gida. Mu nan Legas lafiya lau, sai zafi da hayaniyar kasuwar Mile 12 da ka sani. Albasar da aka ɗoro daga Aliero ta iso, an sauke, ciniki kuwa sai a hankali.

Direban da ya kawo kayan ne ya fara tsegunta mini, kafin kawunka ya kira ya tabbatar, cewa samarin gari sun zauna sun ɗora maka ma'ajin kwamitin wasannin kaka na bana: gasar ƙwallo tsakanin unguwanni da ƙauyukan kewaye, sannan kokawa a rufe da ita. Allah ya taya ka riƙo. Na so in kira ka, amma na san yadda hirarmu ta waya take ƙarewa. Ka ce "to Baba, to Baba," ka kashe, iska ta kwashe. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta ka ajiye, ka sake dubawa ranar da kanka ya ɗau zafi.

Ku samari wasa kuke gani. Ni da na fara cin kasuwa tun kafin a haife ka, wani abu nake gani daban. Ranar wasan ƙarshe, ka je filin firamare bayan la'asar, ka juya wa 'yan ƙwallo baya, ka dubi abin da ke bayan igiya. Mahaucin da ya saba yanka akuya ɗaya, a ranar nan bijimin sa yake kayarwa, kuma kafin magariba ko ƙashi babu a kan tebur. Mai rake ya tara ɓawo har gwiwa. 'Yan kabu-kabu suna ta safa da marwa daga ƙauyuka, mutum uku uku a bayan babur. Yara masu ruwan leda da zoɓo da kunun aya muryarsu ta dushe. Matan Fulani sun jera ƙoren fura da nono a inuwar darbejiya. Tela ya kwana uku bai runtsa ba saboda rigunan magoya baya. Mahaifiyarka ma, ka tambaye ta abin da tandar masarta take kawowa a makon nan, za ta gaya maka daga nan kuɗin makarantar ƙanwarka na zango na biyu yake fitowa. Kuɗin nan ba daga Birnin Kebbi ko Abuja ya zo ba. Daga aljihun manoman da suka sayar da shinkafa da gero ya fito, kuma da ba don wasan ba, Argungu ko Jega za a kai shi a kashe. Abin da aka danƙa maka ke nan, kasuwar gari mafi girma a shekara, ko da yake sunanta ƙwallo da kokawa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka yi masa su don girmamawa bayan daɗaɗɗiyar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. Taron sulhu ne tun farko. Yau ga shi ya zama abin da duniya ta sani, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado a 2016. Kamun kifin kansa kuwa, kamar awa ɗaya ne ake yi. Dubban masunta su ruga kogin Matan Fada da homa da gora, a fito da giwan ruwa, a auna, shi ke nan. A 2020 wanda ya zo na ɗaya kifinsa kilo 78 ne. Amma saboda wannan awa ɗaya ake hana kamun kifi a wurin tsawon shekara, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaro. Saboda ita ake kabanci, wato wasannin cikin ruwa, da tseren kwalekwale, da kamun agwagwa, da kokawa da dambe, da baje kolin amfanin gona. Kana yaro lokacin da aka dakatar da bikin bayan na 2009, aka yi kusan shekara goma ba a yi ba. Masuntan ba su daina su ba, kogi yana nan. Waɗanda suka ji a jika su ne masu masauki, da masu abinci, da direbobi, da mata masu soya kifi. Na san waɗanda suka rufe rumfa suka tafi ci-rani a shekarun nan, wasunsu har yau ba su koma ba.

To, maganar da ta fi damuna ita ce ta kuɗi, kuma a nan zan daɗe.

Kana da shagon POS da cajin waya. Na san yadda sana'ar take: kullum kana neman tsabar kuɗi, kullum jarin bai isa ba. Yanzu ga kuɗin rajistar ƙungiyoyi, ga gudummawar 'yan kasuwa, ga kuɗin ƙofa na ranar kokawa, duk za su biyo ta hannunka. Wata ranar kasuwa za ta zo, mutum ya tsaya a gabanka yana son cirar kuɗin shanu, aljihun teburinka babu komai, jakar kwamiti kuwa tana ƙarƙashin benci cike. Zuciya za ta ce maka ai aro ne, kafin dare alat ya shigo ka mayar. Kada ka taɓa. Ko sau ɗaya. Ba don ina zarginka da sata ba, na san abin da na haifa. Amma wanda ya riƙe wannan jakar shekarun baya, ba sai na faɗi sunansa ba, shi ma ba ɓarawo ba ne. Ya juya kuɗin ne ya sayi buhunan shinkafa da niyyar sayarwa kafin wasan ƙarshe. Farashi ya faɗi. Ranar ba da kyauta ana kiran ragon na ɗaya a lasifika, babu rago, babu ma'aji. Daga baya ya biya har sisin kwabo, ya sayar da baburinsa ya biya, amma har yau in ya ratsa kasuwa yara suna kukan rago a bayansa. Shagonsa bai ƙara shekara ba, domin wanda aka ce ya ci kuɗin ƙwallo ba a ba shi ajiya.

Ku buɗe asusu da sunan kwamiti, wanda ba a cire ko naira sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Kada a turo kuɗin jama'a cikin asusun shagonka, ko da an ce don sauƙi ne. Ka sayi littafi mai bango mai ƙwari, ba fallen takarda ba, ba kuma cikin waya kaɗai ba, don waya tana faɗawa ruwa. Duk wanda ya ba da wani abu, ka rubuta a gabansa, ka ba shi rasit, ko da tsohuwa ce ta kawo mudun gyaɗa. Abin da aka kashe ma haka: hayar kanofi da kujeru, lasifika, man janareto, farar ƙasar zana fili, raga, sallamar alƙalin wasa da makaɗa. Man janareton nan ka sa masa ido musamman, tun da aka cire tallafi a 2023 ya zama ƙofar da kuɗin taro ya fi zurarewa, kuma kowa ya iya cewa galan biyu ya saya alhali ɗaya ne. Mako guda bayan an tashi, ku je ƙofar fadar uban ƙasa ka karanta lissafi da bakinka, da ƙarfi, kowa ya ji. Abokanka za su ce ka cika tsanani. Bar su su ce.

Shagon kuwa, a makon wasa ka bar wa ƙanenka, ka tanadar masa tsabar kuɗi tun da wuri daga jarinka. Ka ja masa kunne kada ya ƙara kuɗin cira don ya ga baƙi. Ka tuna wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, yadda wasu masu POS suka yanka mutane ba wuƙa. Sun samu na wata biyu, amma mutanen ƙauye ba sa mantuwa, kuma ka ga da idonka inda layi ya koma bayan kuɗi ya wadata.

Ina za ku samo kuɗin? Na ji an ce wani mai neman kujera ya yi alkawarin ɗaukar nauyin komai, in dai za a sa sunansa a kofi da hotonsa a riguna. Ra'ayina, kada ku yarda. In ya ba da gudummawa ku karɓa a bainar jama'a, sanƙira ya yi masa godiya, a rubuta a littafi kamar ta kowa. Amma kofi ya ci sunan gari. Ranar da kuka sa masa sunan ɗan siyasa, rabin gari sun fita daga ciki, kuma shekarar da ya faɗi zaɓe wasan ya faɗi tare da shi. Ku bi waɗanda suke cin moriyar taron: sarkin fawa, sarkin kasuwa, masu injin casar shinkafa, masu shagunan tireda, shugaban 'yan kabu-kabu, masu gidan kallo. Kaɗan kaɗan daga hannu da yawa ya fi daɗewa. Sai dai 'yan talla da mata masu ƙosai da masa, kada in ji an bi su da tikiti. Ku ware musu wuri ta gefen inuwa, nesa da inda ƙwallo ke faɗawa, ku sa wani dattijo ya kula kada samari su dame su.

Lokaci ma ku yi shawara da manya. Tsakanin gama girbi da fara dashen shinkafar rani ne mutane suke da kuɗi a hannu da sarari a jiki, in kuka wuce nan 'yan wasanku duk suna fadama da injin ban ruwa. Wasan ƙarshe ya faɗo ranar kasuwarmu da yamma, lokacin da baƙi sun riga sun shigo, ciniki ya lafa. Kada a busa usur sai an sallame la'asar. Kuma ku duba jadawalin Turai, domin in kuka sa wasa a daidai lokacin da Arsenal ke karawa da Manchester United, ko Madrid da Barcelona, ku da awaki za ku kalli abinku, masu gidan kallo kuma su ji haushinku a banza.

Rigima kuwa, na san inda take fitowa. Ƙauye kaza ya ɗauko ɗan wasan haya daga Birnin Kebbi ya ce ɗan ƙanwarsu ne. Alƙali ya ba da fenariti, aka ce don matarsa 'yar unguwar ce. Ku rubuta doka tun kafin a taɓa ƙwallo, wa ya cancanci bugawa, me za a yi wa ƙungiyar da magoya bayanta suka shiga fili, kowane kyaftin ya sa hannu a gaban mai unguwarsa. Alƙalan wasa ku ɗauko daga wani gari. Magudi ba ya tsallake babban taro ma: a Argungu, a 2008, an ba wani na ɗaya, daga baya aka gano mataccen kifi ne aka shigo da shi daga wani wuri, aka ƙwace kyautar. Abin da ya ceci mutuncin bikin shi ne ba a rufa ba. In irin haka ta faru a wurinku, ko ƙungiyar unguwarmu ce, ko ɗan kawunka ne a ciki, a yi hukunci.

Na fi jin daɗin kokawar da kuka dawo da ita fiye da ƙwallon, ba zan ɓoye maka ba. Ita ce tamu. Ka dubi 'yan uwanmu na Nijar yadda suka riƙe ta: tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, jihohi suke karɓar baƙuncinta bi da bi, ƙasa gaba ɗaya ta kasa kunne a rediyo. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin har sau 6, kuma ba yaron da bai san sunansa ba a ƙasar Arewa, ta nan Kebbi da ta can Nijar. In hali ya yi, ku gayyato 'yan kokawa daga wajen Kangiwa da Kamba, har da na Dogon Dutsi in hanya ta ba da dama, za ka ga jama'ar da ba ka taɓa gani ba. Amma baƙo yana da haƙƙi: masauki, abinci, da kuɗin mota a hannu kafin ya shiga fili. Wanda aka kayar ma a sallame shi da wani abu, kada ya koma gida da ƙasa a baya kawai. Makaɗa da sanƙira ku yi ciniki da su tun farko, kada ku bar su ga liƙi kaɗai. A zuba yashi sosai, a tsince duwatsu, ma'aikacin asibitinmu ya zauna kusa da akwatinsa, mota ɗaya kuma ta tsaya da mai a ciki saboda karaya.

Sai maganar tsaro, wadda ba na son yi amma dole. Ka san harin da Lakurawa suka kai a garin Mera cikin 2024, ka san zamanin da muke ciki. Kokawar dare da fitila irin ta lokacinmu, ku haƙura da ita tukuna. Ku sanar da uban ƙasa da 'yan sanda da 'yan banga a rubuce, da ranaku da lokuta. A tashi da sauran rana, yadda mutanen ƙauye za su isa gida da ido, 'yan mata masu talla kuma su shige kafin kiran magariba. In hukuma ta ce a ɗage, a ɗage, kada ka biye wa masu cewa an riga an kashe kuɗi. Masu caca a bakin fili kuma, ta kati ko ta waya, a gaya musu tun da wuri ba wurinsu ba ne.

Gudummawata kuwa, na ce wa kawunka ya ba ka buhun shinkafa ɗaya daga rumbu don abincin baƙi. Ka rubuta shi a littafin, ka aiko mini da rasit ta hannun direban nan in zai dawo. In an tsayar da rana ka sanar da ni da wuri, domin in albasar nan ta ƙare ina so in zo kokawar, kuma ka san motocin gida suna cika a lokacin.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce ta fara tanadin itace da man gyaɗa tun yanzu kafin su hau. Ka gaida liman da mai unguwa, ka duba mini jikin kakarka. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.