Wasiƙa ga abokan cinikinmu a kan fentin ƙananan samfuran tankokin yaƙi na roba lokacin hunturu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tun shigowar hunturu koke ɗaya ake ta kawo mana a shagonmu na nan Bauchi: an haɗa tanka tsaf, an fesa fenti, sai jikinta ya fito da kaushi kamar an barbaɗa mata yashi. Wasu suna zargin kwalbar ce ta lalace. Fentin lafiyarsa ƙalau. Iska ce ta bushe, har ɗigon fenti yake ƙafewa tsakanin bakin bindigar feshi da jikin roba, ya sauka yana gari. Waɗanda suka rubuta ma'aunin da ke jikin kwalba ba su san iskar Disamba ta garin nan ba.

Fenti mai ruwa irin na kamfanin Tamiya an saba haɗa shi kashi ɗaya da tina, wato ruwan tsarma fenti, kashi ɗaya. A wannan lokaci ku kai tinar kashi ɗaya da rabi, har kaurinsa ya koma kamar madarar da aka tatso yanzu, sannan ku ɗiga ɗigo biyu na ruwan jinkirta bushewa a ƙoƙon feshi. Kwamfireso ya tsaya tsakanin 15 da 18 psi a ma'aunin ƙarfin iska, bakin bindiga kuma kada ya wuce santimita 10 daga jikin tanka. Ku yi aikin da sassafe kafin iska ta tashi. Ku yayyafa ruwa a daɓen ɗaki don ƙura ta kwanta, ku sa takunkumi, ku bar taga ɗaya a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. Shafi uku marasa kauri, da tazarar minti 15 a tsakani, sun fi shafi ɗaya mai nauyi wanda zai cike ƙusoshi da layukan sulke. Da kun gama ku kifa roba mai tsabta a kai.

Wanda nasa ya riga ya yi kaushi kada ya jefar. Samfefa mai lamba 1500 ko 2000 a jiƙe, a goga a hankali, a wanke, a sake shafi ɗaya.

Muna roƙonku, don Allah, kada ku wanke jikin samfuri da tinar masu fentin mota. Tana narkar da robar, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Haka sufa gulu: na sassan ƙarfe ne kawai, domin tururinsa yana sa gilashin fitila ya yi fari fat.

Wadda aka fi saye a wurinmu ita ce tankar T-72 ta ma'aunin 1:35, wato an rage girmanta sau 35. Ta gaske, har da bindigarta, tana da tsawon kusan mita 9.5, don haka taku za ta kai santimita 27. Tayoyin ƙasa shida ne a kowane gefe. Ku fente su daban a kan tsinken sakace, ku zagaya bakinsu da baƙi mai ɗan toka, sarƙa kuma ta zo a ƙarshe. Idan bututun bindigar gida biyu ne, ku goge wurin haɗin kuna juya shi a hannu, in ba haka ba gefe ɗaya zai baje.

Sitika ba ta kama busasshen fenti mara sheƙi. Iska na maƙalewa a ƙarƙashinta ta riƙa ƙyalli kamar azurfa. Sai an fesa banish mai sheƙi, an jira awa 24, a jiƙa sitikar daƙiƙa 15 a ruwa mai ɗumi, a zamar da ita wurinta, a danne da auduga. Bayan nan ne ake tsarma fenti mai mai launin ƙasa a bi da shi cikin lunguna, a rufe da banish mara sheƙi.

Makarantar Sulke ta Sojojin Najeriya, inda ake koyar da aikin tankokin yaƙi, a Bauchi take, don haka masu sanin kamannin tanka ba su da wuya a garin nan, kuma za su gane wadda aka cika wa tsatsa. Motar da ke aiki ƙura ta fi yawa a jikinta. Ku tankaɗe jar ƙasa da ƙyalle, ku shafa da busasshen buroshi a sarƙa da ƙasan jiki kawai. Hotunan kwaikwayo kuwa ku nemi waɗanda aka riga aka wallafa, kada kowa ya je bariki da waya.

Duk mai matsala ya kawo samfurinsa ranar Asabar da safe mu duba tare. A hanya kada a bar shi cikin mota a rana, domin zafi na lanƙwasa roba.

Wassalam,
Ma'aikatan shago