A Kan Mayar Da Obin Ma'ajiyar Kayan Kicin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da iyayenmu mata, da amare, da magidantan da ke biyan kuɗin gyara, a kan wani abu da mu masu gyaran murhun gas da na lantarki muke gani kusan a kowane gida aka kira mu.

Murhu mai kai huɗu da obin a ƙasa ya riga ya shiga sahun kayan ɗakin amarya. Ana girki a samansa safe da yamma, amma obin ɗin sai ya shekara ba a kunna shi ba, in ba da sallah ba ko ranar da aka yi sha'awar kek ko gashin kaza. Kicin ƙarami ne, kaya sun yi yawa, ga wuri mai ƙofa a banza, sai a mayar da shi kabad. In ka buɗe za ka tarar da tukwane, da kuloli, da robobi, da ledoji a dunƙule, da tsumman goge-goge, wani lokaci har da ragowar miyar jiya. Ba mu ce ajiya a obin laifi ba ce, domin mun san ƙuncin wuri. Abin da muke cewa shi ne, duk abin da ba zai jure a kunna masa wuta ba, kada ya kwana a ciki. Dalili kuwa, wanda ya ajiye daban, wanda zai kunna daban.

Uwargida ta san abin da ta zuba a ciki. Ƙanwarta da ta zo hutu ba ta sani ba, 'yar aiki sabuwa ba ta sani ba, haka maƙwabciyar da ta shigo taya aikin suna. Kuma ƙa'idar gashi ita ce a fara ɗumama obin na minti 10 zuwa 15 kafin a sa abinci. Tsohon obin na gas da ake kunnawa da ashana yana da wannan alheri guda, dole sai an buɗe ƙofa, sai a ga kayan. Amma na zamani mai ƙyasta kansa, da na lantarki, murɗa makunni kawai ake yi a juya baya a ci gaba da kwaɓa fulawa. Kafin wari ya kai hanci, aikin gama ya gama. Na lantarki ma ya fi sharri a ƙasarmu saboda ɗauke wuta. Yaro ya murɗa makunni lokacin da babu wuta, ba wanda ya lura tunda ba abin da ya faru, sai cikin dare a kawo wuta kowa na barci.

Ana gashi ne a zafin digiri 180 zuwa 250 a ma'aunin Salsiyos. Leda tana narkewa tun a wajen digiri 110. Robar ajiye abinci mai ɗan ƙwari, irin mai murfi, tana narkewa a wajen digiri 160. Farin takeaway mai kama da soso yana lanƙwashewa tun kafin ledar ma. Takarda da kwali suna iya kamawa da wuta a wajen digiri 230, kuma in suna dab da harshen wutar ba sai an kai nan ba. Kula ita ce ta fi yaudarar mutane, don cikinta ƙarfe ne, amma bayanta roba ce, kuma tsakanin ƙarfen da robar akwai soso. Hannun tukunya baƙi ɗin nan mai kama da roba yana jure zafin saman murhu, amma yawancinsa in zafin obin ya haura digiri 180 sai ya fara ƙauri, ya tsage. Kasko mai baƙin shafi wanda abinci ba ya kamawa, in aka bar shi babu komai a ciki zafi ya wuce digiri 260, shafin yana lalacewa ya fitar da hayaƙi mai cutarwa, kuma wutar sama ta gashi tana kai shi nan cikin ɗan lokaci.

Akwai abubuwan da ko kusa da obin bai kamata su je ba. Gwangwanin maganin sauro na feshi da na turaren ɗaki, a jikinsu an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, domin fashewa suke yi. Haka ashana, da layita, da kwalbar kananzir, da jarkar man gyaɗa, da ƙaramar tukunyar gas da ake ɓoyewa don yara. Magani ma yawanci an ce a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30, obin kuwa yana ɗaukar ɗumi duk lokacin da ake girki a samansa ko da ba a kunna shi ba. Masu ɓoye kuɗi da takardun fili da sarƙar gwal a ciki don gudun ɓarawo, su tuna zinariya ce kaɗai za ta tsira. Wayar da ta faɗa ruwa kuma ba a busar da ita a obin, batirinta ba ya son zafin da ya wuce digiri 60, in ya yi tsanani kumbura yake yi ya kama da wuta.

Abin da ya halatta a ajiye shi ne wanda dama don wuta aka yi shi: tiren gashi, gwangwanayen kek, tukunyar ƙarfe ko ta silba marar hannun roba, kaskon ƙarfe zalla. Su ma da sharaɗi. A busar da su sarai kafin a sa, domin obin rufaffe ba ya shan iska, ruwan da ya ɗiga daga tukunya yana kwanciya a ƙasa, ya samu inda fenti ya ɓantare, tsatsa ta fara ci. Mun fi canza ƙasan obin da tsatsa ta huda a gidajen da ba a gashi fiye da gidajen da ake gashi kullum. Kada a tula nauyi a kan raga guda, lanƙwashewa take yi, daga nan kek ba zai ƙara tashi daidai ba, gefe ɗaya tudu gefe ɗaya kwari. Kada a tura ƙofa da ƙarfi a kan hannun kasko da ya leƙo. Gilashin ƙofar irin wanda aka gasa ne, yana jure zafi amma ba ya son ƙarzuwa, in ya samu rauni yau, yana iya tarwatsewa bayan watanni, ranar da ya ɗauki zafi. Hinjis ɗin ma, wato ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kansa, yana saki, robar bakin ƙofa ta daina kamawa, zafi ya riƙa zurarewa yana ƙona makunnan da ke sama, gas kuma ya riƙa ƙarewa da wuri.

A ƙasan obin na gas akwai farantin ƙarfe mai ramuka ko tsaga a gefe, wutar tana ƙarƙashinsa. Ta ramukan nan zafi ke hawowa. Masu shimfiɗa takardar alminiyum ko tire a kai don gudun datti suna toshe hanyar iska, wuta ta koma ja tana baƙi, wani lokaci takardar ta manne da fentin har abada. A can sama ko a bangon baya akwai wani siririn ƙarfe kamar fensir, shi ke auna zafi. In tukunya ta buge shi ya lanƙwashe ya taɓa bango, obin zai riƙa ƙona abinci ko ya bar shi ɗanye, a yi ta zagin kamfani a banza. Ɗan akwatin da ke can ƙasa da obin kuwa, a wasu murhunan ma'ajiya ce, a wasu wurin ɗumama faranti, a wasu kuma wutar ce kai tsaye a samansa. A duba littafin da ya zo da murhun. A kowane hali yana zafi, leda da tsumma ba su da wuri a nan.

Batun ajiye dafaffen abinci don gudun ƙuda da mage, nan ma a yi hattara. Obin a kashe ba firji ba ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki, domin tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, cikin obin rufaffe a watan Afrilu kuwa tsakiyar wannan zangon yake. Shinkafa ta fi komai haɗari, don tana da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta, kuma gubar da take fitarwa ɗumame ba ya warware ta. Sannan ƙanshin abinci yana gayyato kyankyaso da ɓera. Ɓera ba ta ƙofa yake shiga ba, ta baya yake bi, ya yi sheƙa a cikin audugar gilashi da ke tsakanin bangon ciki da na waje, ya yi fitsari a ciki, ya gwaguyi wayoyi, in ya samu tiyon gas ma bai bari ba. Obin da ke wari mai hawa kai duk lokacin da aka kunna, ko an wanke shi fes, yawanci wannan ce matsalarsa, kuma maganinta sai an kwance bango an canza audugar.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na lokacin hunturu, wato kunna obin a buɗe ƙofarsa don ɗaki ya yi ɗumi, ko a rataya rigar makarantar yaro da safa a bakinsa su bushe. Ba a ƙera obin na gas don ya yi awanni yana ci a buɗe ba. A kicin da aka toshe tagoginsa saboda sanyi, iska tana ƙaranci, wutar ta fara fitar da iskar nan mai guba, irin ta hayaƙin janareta da ta gawayi, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sau sama da 200. Alamarta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, kuma mai barci ba ya jin ko ɗaya. In mutanen gida biyu ko uku suka kama ciwon kai lokaci guda ana cikin amfani da wuta, a kashe, a buɗe ƙofa da taga, a fita waje, a nufi asibiti. Wuta mai lafiya shuɗiya ce. Ƙofar obin a buɗe kuma tsani ce ga yaro mai rarrafe, in ya hau, murhun duka yana iya rinjayowa kansa da tukunyar da ke sama.

Akwai kuma amfanin da muke yabawa. Obin mai ƙwan fitila a ciki wuri ne mai kyau na tashin kwaɓin biredi, ko fanke, ko ƙullun waina a lokacin sanyi. Ba a kunna wuta, fitilar kawai, a rufe ƙofa, ɗuminta ya isa yis ya yi aiki. In babu fitila ko babu wuta, a sa kwanon tafasasshen ruwa a ƙasa, kwaɓin a raga ta sama, a cikin kwanon ƙarfe ko na tangaran, a rufe da faranti maimakon leda. Busar da tattasai, ko kuɓewa, ko citta a damina yana yiwuwa a obin na lantarki da ke sauka zuwa digiri 50 ko 60, a yanka sirara, a baza su ba ɗaya kan ɗaya ba, a ɗan sa cokalin katako a bakin ƙofa don tururi ya fita. Yawancin obin na gas ba ya sauka ƙasa da digiri 110 zuwa 140, saboda haka gasawa zai yi maimakon busarwa.

In tsautsayi ya faru aka ga wuta a ciki, kada a buɗe ƙofa, buɗewar ce ke ba ta iska ta yo waje ta fuskar mutum. A kashe makunni, a rufe gas daga kan tukunya ko a kashe lantarki daga babban layi, a fitar da yara, a bar ta ta cinye iskar da ke ciki ta mutu. In ta ƙi, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112. Ba a watsa ruwa a wutar mai. In roba ce ta narke kawai, a buɗe tagogi, a jira ya huce gaba ɗaya, a ɗora ƙanƙara a kai har robar ta ƙage, sannan a ɓamɓare da cokalin katako, ba da wuƙa ba don kada fenti ya tafi. Bayan an wanke, a kunna shi babu komai na kamar rabin awa, taga a buɗe, kafin a ƙara sa abinci.

In kuwa warin gas aka ji da buɗe ƙofar obin, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin fitila. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasa ya taru, kuma kashi 2 cikin 100 na iskar wurin ya isa ya tashi. A rufe tukunyar gas, a buɗe ko'ina, sannan a gwada tiyo da mahaɗai da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne ke yoyo. Obin da ya daɗe ba a kunna ba, in an gwada bai kama ba cikin daƙiƙa 15, a saki makunni, a bar ƙofa a buɗe aƙalla minti 1 kafin a sake.

Ga gidan da ya tabbata ba ya gashi kuma yana bukatar wurin, a zare makunnin obin ɗin, ja kawai ake yi ya fito, a adana shi a wani wuri. Wanda ya fi wannan, a kira mai gyara ya toshe bututun gas da ke zuwa obin daga ciki, ko ya cire wayar da ke ba shi lantarki, aikin da ba ya ɗaukar lokaci kuma ana iya mayarwa duk ranar da aka so. Gidan da ke gashi jefi-jefi kuma, a liƙa takarda a kan makunnin a rubuta cewa akwai kaya a ciki, a kuma nuna wa duk wanda ke shiga kicin ɗin, har da 'yar aiki ranar da ta fara aiki.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu gyaran murhun gas da na lantarki,
Kano.