Godiya ga shagon da bai karɓi kuɗi ba sai da aka yi lissafi

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan kwamfuta da ke titin Beirut a Kano, tare da yaran shagonsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kasuwa tana tafiya yadda ake so.

Alhaji, ranka ya daɗe, duk mai koyar da gyaran kwamfuta ya san fargabar da ake shiga ranar da ɗalibi ya ce ya tara kuɗi zai haɗa tasa ta farko. Yawanci abin da ke biyo baya jigila ce. A sayo kaya, a zo haɗawa wannan ya ƙi shiga wancan, a koma shago a ce ai an riga an farke kwali, ba a karɓa. Wannan karon ɗalibinmu ya dawo daga wurinku da kayan da suka hau juna tun tashin farko, da wata takarda da yaronka na kan kanta ya cika da lissafi. Takardar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Jerin da ɗalibin ya kai muku yana da kuskure, kuma irin kuskuren da sabon shiga ke yi ne. Ya rubuta furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, da madabod (babban allon da sauran kayan ke hawa) B450 na hannu, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) DDR5 don ya ji an ce ita ce sabuwa, da katin hoto RTX 3060, da wani akwatin wuta (mai raba wa kayan ciki wuta) mai araha da aka rubuta wa wat 600 a jiki. Da a wasu shagunan ne, da an zuba masa su a leda an yi masa addu'ar sauka lafiya. Yaronka kuwa ajiye ledar ya yi, ya ce, "Ɗan'uwa, zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

Da RAM ya fara. Ryzen 5 5600 a soket AM4 yake zama, wato gurbin furosesa a kan madabod, kuma duk madabod ɗin AM4 DDR4 yake ci. A soket ɗin Ryzen, DDR5 sai AM5, wanda ya fito a 2022. Sandar DDR4 da ta DDR5 dukansu suna da haƙora 288 kuma tsawonsu ɗaya, shi ya sa ido ke yaudaruwa, amma tsagar da ke tsakiyar sandar ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya danna da ƙarfi ramin zai fasa. Ya musanya masa da sanda biyu na DDR4 masu gigabait 8 kowacce, maimakon guda ɗaya mai 16, ya nuna masa ramukan da zai saka su, na biyu da na huɗu in an ƙirga daga wajen furosesa, don su yi aiki bibbiyu. Har ya gaya masa kada ya tsorata in ya ga RAM mai gudun 3200 tana nuna 2133 ko 2400 a farko, sai an shiga BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da na'ura, an kunna saitin gudun RAM da ake kira XMP, wanda wasu madabod ɗin ke kira DOCP.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar BIOS. Madabod B450 ya girmi furosesan Ryzen 5000, don haka wanda ya daɗe a ajiye ko aka ciro daga tsohuwar na'ura ba lallai ya gane 5600 ba sai an sabunta masa BIOS. Soket zai karɓa, fanka za ta juya, fitilu su kama, allo kuma ya tsaya baƙi ƙirin. Nan ne sabon mai haɗi ke rantsuwa an sayar masa da matacce. Yaronka bai tsaya ga cewa "zai yi" ba. Ya ɗora madabod ɗin a kan kwalinsa, ya sa tsohon furosesan shago, ya duba lambar BIOS, ya ga ta baya ce, ya sabunta ta da filasha a gaban mai kaya, sannan ya ɗora sabon furosesan har sai da rubutu ya bayyana a allo. Aikin minti ashirin ne ga wanda yake da tsohon furosesa a hannu. Ga yaron da ba shi da shi, kuma madabod ɗinsa ba shi da maɓallin sabunta BIOS a baya, mako guda ne na yawo.

Ya kuma tuna masa cewa 5600 ba shi da sashen hoto a cikinsa, saɓanin 5600G, don haka wayar allo a jikin katin hoto za a soka ta, ramin HDMI na madabod ba zai ba da komai ba. Sai ya ɗauko tef ya auna. RTX 3060 suna ɗaya ne amma kamfanoni da yawa ke ƙera shi, wani mai fanka biyu gajere, wani mai uku da ke kusan santimita 30. Kes ɗin da yaron ya zaɓa, wato gidan kwamfutar, ƙarami ne, na madabod microATX, dogon katin da ya tokari mazaunin faifan ajiya, wato hard disk. Aka ɗauki gajeren. SSD ma, wato ma'ajiyar fayiloli, an duba cewa nau'in NVMe ce mai girman 2280 kuma ramin M.2 na madabod ɗin yana karɓarta. Waɗannan duk aikin yau da kullum ne, ba zan tsawaita ba.

Inda zan tsaya shi ne akwatin wuta, don nan ne ake cutar mutane. Ga lissafin da ke takardar. Furosesan an rubuta masa wat 65, amma in aiki ya yi nauyi yana kaiwa wajen 76. Katin hoto wat 170. Madabod da RAM da SSD da fankoki, a ba su 50 zuwa 60. Jimla wajen wat 300. NVIDIA da kanta, wadda ta ƙirƙiro RTX 3060, wat 550 ta ba da shawara ga wannan katin, don a sami sarari in kati ya yi zuƙar bazata. To ai akwatin yaron 600 ne, ina matsalar? Yaronka ya juya shi ya nuna masa ɗan jadawalin da ke gefe. Furosesa da katin hoto dukansu daga layin bolt 12 suke sha, kuma a layin nan amfiya 20 aka rubuta. 12 sau 20, wat 240 ke nan. Furosesa da kati kaɗai sun kai 246. Ragowar da ta cika 600 ɗin an tattaro ta ne daga layin bolt 5 da 3.3 da na'urar zamani ba ta cika amfani da su ba, in ma lambar gaskiya ce. Irin wannan akwatin zai kunna kwamfuta lafiya lau, a yi rubutu, a shiga intanet, ranar da aka buɗe wasa ko aka fara tace bidiyo sai ta ɗauke ɗif. In an yi rashin sa'a ya tafi da madabod. Wanda ya ba shi a madadi mai wat 550 ne, amfiya 45 a layin 12, mai shaidar rage asarar wuta ta 80 Plus Bronze, da wayar kati mai haƙora 6+2 tata ta kanta. Ya ja masa kunne a kan ƴan wayoyin ƙari da ake jonawa daga wayar SATA zuwa kati, don sukan yi zafi su narke. Ya nuna masa bambancin wayar furosesa mai 4+4 da ta kati mai 6+2, tunda kamarsu ɗaya a ido amma jerin wutarsu ya saɓa. Araha ba ta ado, kuma a akwatin wuta ne wannan magana ta fi tsada.

Sai tambayar da ban taɓa jin ɗan kasuwa ya yi wa mai saye ba: "A gida da wace wuta za ka kunna ta?" Wannan ita ce tambayar da lissafin da ake kwafowa daga Turai da Amurka ba ya yi. Yaron yana da UPS mai 650VA, yana zaton wat 650 ne. VA daban, wat daban. Irin waɗannan ƙananan abin da suke ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Na'urar da ke cin 300 a ciki tana jan wajen 350 daga bango, don akwatin wuta yana zubar da wani kaso a matsayin zafi. A ƙara allo, an riga an kai baki. NEPA na ɗaukewa UPS zai yi ƙara ɗaya ya mutu tare da ita. Ya ce masa ya nemi mai 1000VA zuwa sama, in kuma a inbata zai ɗora, ya tabbata mai tsabtatacciyar wuta ce, don akwatunan wuta na zamani wasunsu ba sa jituwa da wutar ƙananan inbatoci masu araha. Ya yi maganar sitabilaiza saboda wutar da ke zuwa a raunane, da barin janareta ya daidaita kafin a kunna na'ura, da soket mai wayar ƙasa ta gaske don kada kes ya riƙa jan mutum. Bai manta da zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu ba, ya ce a ƙara fanka ɗaya a gaba, a ɗaga kes daga ƙasa, a riƙa hure shi.

Alhaji, ka lura cewa cikin duk wannan babu inda aka tura wa yaron abin da ya fi ƙarfin aljihunsa. RAM ɗin da aka ba shi ma ta fi wadda ya rubuta sauƙi. Shi ya sa abin ya tsaya mini a rai, don a wurare da yawa ilimin mai shago makami ne a kan mai saye. Za ka tambayi soket a ce maka "duk ɗaya ne". Za ka ga akwatin wuta mara nauyi kamar fanko, an manna masa takarda mai babbar lamba. Za a kawo na gwanjo daga Amurka mai ɗan jan maɓalli a baya yana kan 115, ba wanda zai mayar da shi 230, yaro ya soka a bango ya ji fas da hayaƙi, a ce laifinsa ne. Katin hoton da ya sha wahala ana wanke shi a sa a sabon kwali. Wayoyin akwatin wuta masu cirewa ana haɗa na wannan kamfani da na wancan a ƙulla a leda ɗaya, alhali jerin haƙoransu ba ɗaya ba ne, kuma kuskuren nan kaɗai ya isa ya ƙona SSD. Garanti kuma na baki ne, yana ƙarewa a bakin ƙofa. Abin takaicin, mafi yawan masu yin haka sun san gaskiya sarai, gaggawar karɓar kuɗi ce kawai.

Ina roƙonka abu biyu. Ka riƙe yaron nan naka da kyau, irinsa ba su da yawa a layin. Sannan takardar lissafin nan da ya rubuta da biro, ka sa a buga ta da yawa, da gurbin soket da nau'in RAM da tsawon kati da amfiyar layin 12 da girman UPS, a riƙa cike wa duk wanda ya zo haɗa ta farko. Tamu tana manne a bangon ajinmu, sauran ɗalibai suna kwafa.

Allah ya ƙara kasuwa, ya sa albarka a dukiya da zuri'a. A miƙa gaisuwata ga yaran shago baki ɗaya.

Wassalam.

Daga wani malamin gyaran kwamfuta, Kano.