Kabewar kaka da burodin jiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili, magana gare ni kan burodin da ake zubarwa a gidajenmu alhali kowa ya san yadda kuɗinshi ya hau. Ya kwana ɗaya ko biyu ya ɗan bushe sai ka ji yara sun ce ba su ci, a watsa ma kaji, wallahi abin na ci min rai.

Ƙanwata ce da ke karatu waje ta koya min wani karin kumallo da suke ce ma French toast, wai a Faransa sunanshi pain perdu, wato burodin da ya ɓace, don asali da tsohon burodi ake yinshi. A Amurka in kakarsu ta shigo, daga Satumba zuwa Nuwamba, sai su sa mishi kabewa da girfa da citta da kanumfari su gasa. Da ta lissafo min sai na ce ke ai duk wannan akwai shi kasuwar Argungu, kabewar da muke miyan taushe da ita ce fa, kuma lokacin da ake yankan shinkafa a fadama tana nan jibge ba mai kallonta.

Ga yadda nike yi. In yanka burodi ɗaya gutsu-gutsu in zuba a faranti mai zurfi da na shafe da bota. In fasa ƙwai 4, madarar ruwa gwangwani ɗaya da ruwa kamar rabin gwangwanin, dafaffiyar kabewa kofi ɗaya wadda na dame ta yi laushi, sukari cokali 3, gishiri ɗan kaɗan, sai girfa da citta. Kanumfari kuwa a yi hankali da shi, ranar farko na cika hannu ya danne komai har maigidan ya ce kamar maganin haƙori. A kaɗa sosai a juye kan burodin a danna da cokali ya sha. Nan ne busasshen burodi ya fi sabo, shi yana shanye ruwan ya tsaya da ƙafarshi, sabo kuwa caɓewa yake.

Su can a firij suke barinshi ya kwana. Mu da wuta ba ta da tabbas kar a bar ƙwai da madara su kwana waje, in kin idar da sallar asuba ki haɗa, minti 30 ya isa.

Mai oven ta sa a zafin digiri 180 kamar minti 40, har samanshi ya yi ja, in an soka wuƙa a tsakiya ta fito ba ruwan ƙwai. Ni ba ni da oven, babbar tukunya nike zuba ma yashi in ɗora kan garwashi, in sa farantin ciki in rufe in ƙara garwashi kan murfi irin yadda muke gasa kek da sallah. Su suna zuba ruwan zaƙin itacen maple wanda mafi yawanshi daga Kanada yake fitowa, ni zuma nike ɗigawa da dakakkiyar soyayyar gyaɗa, kuma da sanyin safiyar hunturu ga shayi mai zafi, yarana huɗu ko gutsure ba su bari kafin su tafi makaranta.

Roƙona Malam Edita, shafinku na girke-girke ya riƙa faɗa muna abin da za mu musanya da shi in an kawo girkin waje, da yadda mai murhu da gawayi za ta yi, don yawancinmu da ke karanta ku nan Kebbi haka muke dahuwa.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Mai karanta ku kullum,
daga Argungu, jihar Kebbi.